Irin Dawar da Muka Raka a Somaliya

Rannan a teburin mai shayi na bakin kasuwar Sara na ji Sagiru, ɗan ƙanena, yana gaya wa abokansa wai shi ya gama da noma, soja zai shiga, tunda soja ba abin da yake yi sai saɓa bindiga da ɗaukar hoto. Suna leƙen waya suna ƙyalƙyala dariya. Har wani cikinsu ya juyo ya ce mini, "Baba Kofur, ai ku kun more, kun tsere wa fartanya." Na tashi na bar wurin, don ba na son in yi zagi a tsakiyar kasuwa. Amma tunda yau kun biyo ni har zaure wai in koya muku fareti, to ku zauna ku ji tukuna. Wanda ya san zai riƙa latsa waya ya tashi tun yanzu.

Kunyar farko da na fara huɗawa ina yaro, a gonarmu ta gabas da gari, ta fito kamar sawun maciji. Garmar sabuwa ce, mahaifina Malam Isa ya yo ta wurin wani maƙeri a Kangire, ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Baba ya zo ya tsaya a kan kunyar, bai yi mini faɗa ba, ƙafa kawai ya sa ya baje ta daga farko har ƙarshe, ya ce, "Sake." Na sake, ya kuma bajewa. Ranar da ya wuce ta bai taɓa ba, tafin hannuna ya riga ya yi kanta. A wurinsa na koyi riƙon sungumi, da yadda ake jefa ƙwaya a rufe da diddige ba tare da an tsaya ba, da yadda ake zaɓar zangarniyar da ta fi cika a rataye ta a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai kare ta daga ƙwari. Wannan shi ne iri. Ko kaza ba ta isa ta ɗaga kai ta kalle shi ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ku ba ku san fari ba, kun dai san ruwa ya ɗan yi jinkiri kuna ƙorafi. Mun yi binne, ruwa ya zuba sau ɗaya, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Muka sake shuka, ya sake mutuwa. Da kaka ta yi, abin da muka samu a gonar nan bai kai a ɗaure shi dami ba. Kafin bazara rumbu ya ƙare, kuma wata safiya na shigo gida na tarar da Inna ta sauko da zangarniyar nan ta rufin ɗaki tana sussukawa. Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa ya juya mata baya. Ranar muka ci irinmu. Tuwon bai ma ishe mu ba.

Ina da aboki a Surko, sunansa Ilu, a gayya muka san juna. Ban taɓa ganin mai huɗar shanu kamarsa ba, in ya ja kunya sai ka rantse da igiya aka auna. Farin nan ya kashe masa sa ɗaya, ɗayan kuma ya rame har ba ya iya tashi. Shi ya zo ya same ni ya ce ya ji ana ɗaukar soja, kuma aƙalla a bariki ana cin abinci. Abin da ya kai mu ke nan. Babu wanda ya tafi don kaki ya yi masa kyau.

Kayan aikin farko da aka miƙa mini a wurin horo shebur ne. Wanda ya miƙo mini shi Saje Danladi ne, mutumin Filato, gajere mai kaurin wuya, wanda muryarsa ke tashin tsuntsaye daga bishiya. Ya nuna wata tsandauri ya ce, "Kurtu, tona ramin da zai ɓoye ka har kafaɗa." Na ce a raina ai wannan aikina ne, ni da na taso da garma. Na tona. Ya zo ya leƙa, ya ce ƙasar da na tara a gaban ramin ja ce, makaho ma zai hango ta daga nesa, in cike in sake, in rufe tulin da ciyawa. Na tsere wa Malam Isa na faɗa hannun wani Malam Isan, wannan kuma da bulala. Bindiga sai da muka jima kafin a bar mu mu taɓa ta, kuma da aka ba mu, ba harbi aka fara koya mana ba, wanki ne. Ka kwance ta gunduwa-gunduwa, ka zura tsumma da igiya ta cikin bututun, ka shafa mai kaɗan, kar ya yi yawa ya kama yashi, ka mayar. Idan Saje ya ɗaga bututun ya kalli rana ya ga ɗigon tsatsa, ranar ka yi tsallen kwaɗo har sai gwiwarka ta daina jin maganarka. Sannan takalmi. Kuna ganin sa yana ƙyalli a hoto. Sabon takalmin soja sai ya ci naman diddigenka kafin ya saba da kai, kuma duk sojan da bai iya kula da ƙafarsa ba, bai iya wanke safa ya shanya ba, nauyi ne a kan 'yan uwansa, don wani ne zai ɗauke shi.

Kuma kar ku zaci soja ba shi da abokan ciniki. Yana da su, su ne mutanen da aka ce ka tsare. Ba su suka kira ka ba, ba su san sunanka ba, sau da yawa ma tsoronka suke ji fiye da wanda ka zo kora. Na tsaya a shingen hanya wata tsohuwa ta tofa mini yawu a takalmi saboda na buɗe ƙullin kayanta. Dole ka haɗiye, ka ɗaure mata ƙullin yadda ka same shi.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Somaliya. An kwashe mu a jirgi, ni da Ilu da Saje Danladi duk a rukuni ɗaya, aka kai mu aikin kwantar da tarzoma lokacin da yaƙi da yunwa suka haɗu a ƙasar. Da muka fita daga birni zuwa karkara, sai na ga kamar an dawo da ni gida. Ƙaya, raƙuma, awaki, masallaci a kowane ƙauye, kuma abin da suke nomawa dawa ce. Sai dai su rumbunsu rami ne a ƙarƙashin ƙasa. 'Yan bindiga sun bi ƙauyukan nan suna soka ƙarfe a ƙasa har su gano ramin, su kwashe, abin da ba su iya ɗauka ba su bar shi a buɗe ya lalace. Na ga ramukan da idona. Mutum ya yi shekara yana noma, wani ƙato mai bindiga ya zo da yamma ɗaya ya bar masa rami. Har gobe idan na tuna sai na ji jinina na tafasa.

Sojojin ƙasashe da yawa aka tara a can. Wata rana aka haɗa mu da wasu Turawa 'yan Ostireliya don mu raka motocin kaya. Cikinsu akwai wani kofur dogo, rana ta gasa masa wuya ya yi jajir, sunansa Garaham, amma mu Sarkin Noma muke ce masa. Dalili kuwa, ranar farko da muka tsaya hutawa a bakin wata gona da aka bari, na tsuguna na ɗebi ƙasa ina murzawa, ban ankara ba sai na ga Baturen nan shi ma ya tsuguna can gefe ya ɗebi ƙasar yana shinshinawa. Muka haɗa ido. Da ɗan Turancin bariki da na iya na tambaye shi, "Kai manomi ne?" Sai ya miƙo mini tafin hannunsa. Na taɓa. Kanta ce irin tawa.

Daga baya ya ba ni labarinsa guntu-guntu, a inuwar mota. Gonar kakansa ce suka gada, alkama suke nomawa suna kiwon tumaki, kuma faɗinta wai sai ka hau mota kafin ka zagaye ta. Na ce, "To me ya kawo ka nan, kai da ke da wannan arziki?" Ya ce fari. Ruwa ya ɗauke musu shekara bayan shekara, tafkunan gonar suka bushe, tumaki suka fara faɗuwa, ba mai saye ko kyauta. Ya ce shi da ubansa suka kawo motar tona ƙasa, suka haƙa dogon rami, suka jera tumakin suka harbe su ɗaya bayan ɗaya suka rufe.

Na ce, "Ba ku yanka kun raba wa mutane ba?"

Ya ce, "Wa za mu ba? Maƙwabcinmu shi ma nasa yake harbewa. Kuma ƙashi ne da fata."

Ilu na gefe yana jin fassarata, ya dafa kai ya ce, "Inna lillahi. Tambaye shi ubansa fa?"

Na tambaya. Ya ce tun ranar uban bai ƙara taka wajen ramin ba, kuma da gonar ta fita daga hannunsu tsohon ya koma gari yana zaman kujera. Shi kuma ba abin da ya iya ban da tuƙin tarakta da harbi, sai ya shiga soja. Ilu ya ce in gaya masa mu irinmu muka ci. Na gaya masa. Baturen nan ya daɗe yana kallon Ilu, sannan ya ciro gwangwanin abincinsa ya raba uku.

Kayan da aka ba mu rakiya a wannan tafiyar iri ne. Buhunan irin dawa, an rina shi ja da magani don kar ƙwari su ci, kuma don mutane su san ba na ci ba ne. Amma mai yunwa ina ruwansa da ja? A wani ƙauye da aka fara rabawa, mata sun wanke shi sun dafa, yara suka kwanta ciwo. Saboda haka aka ce wannan karon sai an kai shi hannun dattawan gari a daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa, a tsaya kuma a ga an zuba shi a ƙasa. Idan aka makara, shekarar ta wuce. Wani hafsa ya ce a jinkirta tafiyar har hanya ta lafa. Sarkin Noma ya cire hula ya ce masa, "Yallaɓai, ruwa ba zai jira hanya ta lafa ba." Saje Danladi ya goyi bayansa, aka ba mu izini.

Rakiyar ayari ba zama a mota ba ne kuna shan iska. Kana saman buhuna, rana na dukan hular kwanonka, idonka a gefen da aka ba ka, ba ka waiwaye ko da abokinka ya kira sunanka. Kana kallon ƙasa ko an tona ta kwanan nan, don nakiya a nan take. Kana kallon awaki, idan ka ga garke ba makiyayi, wani abu ya kore shi. Kana kallon tazarar da ke tsakanin motarka da ta gaba. Ruwan gorarka ɗumi ne kamar na wanka, kuma ba ka shanye shi don ba ka san yaushe za a sake cikawa ba.

Da hantsi muka isa wani busasshen kogi. Motar gaba ta haye, ta biyu, wadda Ilu ke samanta, ta nutse cikin yashi har gindi. Muka sauko da shebur. Kun ji shebur ɗin nan da kuke rainawa? Ni da Sarkin Noma muna tona gaban taya muna cusa rassan ƙaya, Ilu na sama yana gadi. Shi ya fara hango 'yan bindiga. Ya ƙwala, "Saje, ga mota ta hagu!" Kafin ya rufe baki aka buɗe mana wuta daga cikin ƙaya. Motoci ne buɗaɗɗu da aka ɗora wa bindiga mai jigida, buhunan suke so. Na faɗa ramin da na tona a gaban taya, ramin nan shi ya cece ni. Muka mayar da wuta. Ba kamar a wayoyinku ba ne. Ba ka ganin kowa, ƙura ce da ƙara, hannunka yana canza gidan harsashi da kansa saboda Saje ya sa ka maimaita har ka gaji da rayuwa. Da suka ga ba za mu bar motar ba, kuma Turawan sun zagayo da motarsu mai sulke, sai suka janye.

Da ƙura ta lafa na ga dawa tana zuba daga saman mota, harsashi ya huda buhuna. Sai na lura jan da ke gangarowa ba na magani ne kaɗai ba. Ilu na kwance a kan buhunan, an same shi a ƙasan ciki. Sarkin Noma ya riga ni hawa. Ya yage rigar, ya danna ƙyalle a kan raunin da gwiwarsa, ya saɓo shi a kafaɗa ya sauko da shi, ya sa shi a motarsu don a koma da shi asibitin sansani. Na kama ƙofar zan shiga. Saje Danladi ya riƙe mini wuyan riga.

"Ina za ka?"

"Saje, ɗan yankinmu ne. Tare muka zo."

"Kai likita ne?"

"A'a, Saje."

"To ɗauki shebur. Motar nan ba ta fita ba tukuna."

Ilu ya buɗe ido ya ce, "Haladu, ka ɗinke buhunan nan, suna zuba." Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Motar ta juya da shi da Sarkin Noma, ni kuma na koma ƙarƙashin taya. Abin da na ji a raina ba naku ba ne, ba zan faɗa muku ba. Abin da zan faɗa muku shi ne, wannan shi ne aikin. An tafi da abokinka yana zubar da jini, kai kuma kana tonon yashi, kuma wanda ya hana ka bin sa shi ke da gaskiya. Muka fitar da motar. Na toshe hujin buhunan da tsumman goge bindiga, na tattara wadda ta zube a hulata na mayar.

Da azahar muka shiga ƙauyen. Dattijon garin, wani siriri mai gemu ja da lalle, ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya gutsuri ƙwaya ɗaya da haƙori don ya ji ko tana da rai, ya tofar. Ta bakin tafinta ya tambaya me ya sa wasu buhunan suka jiƙe. Saje ya gaya masa. Tsohon ya juya ya yi wa mutanensa magana da ƙarfi, tafinta ya ce cewa yake duk wanda ya kai ƙwaya ɗaya tukunya, shi da Allah. Ba su da ƙarfin noma, wasu da kyar suke tsayuwa. Sai muka raba kanmu, rabi na gadi, rabi suka karɓi sanduna da 'yan fartanyoyinsu. Ina sara, wata mata na biye da ni tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, daidai yadda Inna take yi. Hadari na haɗuwa ta gabas.

Washegari da rana Sarkin Noma ya dawo. Tun daga nesa na gane, don ya sauko daga mota hularsa a hannu. Ya ce ba su kai sansani ba Ilu ya cika, ga gawarsa ya dawo mana da ita. Ya ce kan Ilu na bisa cinyarsa, yana ta maimaita wata magana, shi bai san me yake cewa ba, amma ya riƙe ta don ya kawo mini, ko saƙo ne zuwa gida. Ya tsaya ya gyara murya, ya faɗa da karyayyen harshensa, a hankali, kamar mai tsoron kar ya ɓarar: "La ilaha illallah." Na ce masa saƙon ya iso. Mutanen gari suka taya mu yi wa Ilu salla, a can aka rufe shi. Baturen ya tsaya a bayan sahu har aka gama, kuma shi ya karɓi shebur daga hannuna da na gaji a wurin kabarin.

Ba a daɗe ba aka kwashe 'yan Ostireliya, wa'adinsu ya cika. Ya ce mini idan ya koma zai nemi aikin ƙodago a gonar wani, ko da tumakin ba nasa ba ne. Ban sake jin labarinsa ba. Mu ma aka mayar da mu birni tsaron wata mararraba, daga nan aka dawo da mu gida. Na ci gaba da aiki har gwiwa ta gaza, na ajiye kaki na dawo Sara na ɗauki garmar da na bari.

Amma tun hutun farko da na samu, Surko na fara zuwa. Saƙon rasuwar ya riga ni isa. Na tarar da mahaifin Ilu, Malam Garba, a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, na ba shi labari tun daga busasshen kogin har kalmar shahada. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye fartanyar.

"Irin ya isa?"

"Ya isa, Baba."

"Sun shuka?"

"Sun shuka. Da hannuna na taya su."

"Ta tsira?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. An ɗauke mu kafin ruwa ya zauna."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "An kashe mini ɗa a kan dawa, kuma cikinku duka, da ku da manyanku da Turawan, babu wanda ya koma ya duba ko ta tsira?"

Na sunkuyar da kai. Har tsohon ya rasu ban samo masa amsa ba.